Birkin Shadow 750 ɗina ya ƙi kamawa, me zan canza?

Mai Shadow: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema a kan birki. Babur ɗina Honda Shadow Aero 750 ne na 2006, tokumbo na saye shi bara, inji lafiya lau ba abin da zan ce, amma birki kam wallahi hankalina bai kwanta da shi ba. Jiya ina dawowa daga Zariya, na wuce Kwanar Dangora kenan wata mota a gabana ta ja birki saboda awaki sun tsallako titi, na matse na gaba har liba ta kusa taɓa hannuna, na taka na baya, amma abin tafiya kawai yake kamar ban taɓa shi ba, Allah ne ya kiyaye na samu na kauce ta gefe, ga shi da goyo nake, ƙanena ne a baya. Tun jiya ban samu natsuwa ba. Tunanin da nake shi ne in sa a ƙara min dis, wato faifan birki, na biyu a gaba irin na manyan babura, ko a cire birkin dram na baya a sa dis. Wanda ya taɓa yi ko ya san inda ake yi ya taimaka.

Ɗan Jos: Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ƙara kiyayewa ɗan uwa

Baba Mai Virago: Allah ya kiyaye gaba yarona, sannu da arziki

Oga Bakanike: Wslm. Sannu malam. Kafin ka je maganar ƙara dis bari in tambaye ka, tunda ka sayi babur ɗin nan an taɓa zubar da man birkin an sa sabo? Ba ƙari nake nufi ba, zubarwa gaba ɗaya. Sannan ka leƙa ɗan gilashin da ke jikin masta, wato ma'ajin man birki da ke kusa da liba, ka faɗa min kalar man.

Mai Shadow: Gaskiya oga ba a taɓa ba. Man inji nake canzawa a kan lokaci, na birki sau ɗaya aka ƙara min da ya yi ƙasa. Na haska da waya yanzu, kalarsa kamar baƙin shayi

Oga Bakanike: To ka ga inda matsalar ta fara. Sabon mai kusan fari ne tas, ɗan ruwan ɗorawa kaɗan. In ya koma baƙin shayi ya sha ruwa ya gaji, kuma babur ɗin da ya zo tokumbo ba ka san shekara nawa ya yi a ajiye kafin a loda shi jirgi ba. Libar da ka ce tana zuwa har hannu, ko iska ce a ciki ko tiyo ne ya saki yana kumbura, ko duka biyun. Ni a garejina duk babban babur da aka kawo min da kukan birki, goma in aka kawo da wuya ka samu ɗaya da yake buƙatar a canza masa tsari, sauran duk rashin kula ne. Dis na biyu kuma a Aero ba ƙaramin aiki ba ne, ɗaya ƙafar shokoziban gaba ba ta da kunnen da za a ɗaura kalifa, wato abin da ke matse dis, hob ɗin wili ma ba a yi shi don dis biyu ba, sai ka canza ƙafa ka canza wili ka canza masta, kuɗin da za ka kashe ya kusa ka sayar ka ƙara ka sayi wanda ya zo da biyun daga kamfani kamar V-Star 1100. Kuma dan Allah kar ka bari wani ya ce zai yi maka waldar kunne a jikin shokoziba.

Baba Mai Virago: Ni dai nawa ganin daban ne. Yara kuna son wasa da birkin gaba. Na fi shekara talatin a kan babur, tun zamanin Honda Benly da Vespa, abin da aka koya mana shi ne na gaba shi ke kifar da mutum. Ka gyara na baya ya kama sosai, ka rage gudu, shi kenan. Virago ɗina 535 da na baya nake tsayar da ita kullum kuma ga ni nan lafiya

Injiniya: Baba Allah ya ƙara girma, maganar rage gudu gaskiya ce babu ja, amma maganar barin na gaba ina neman afuwa ban yarda ba. Duk lokacin da aka ja birki nauyin babur da na mutum gaba yake komawa, shi ya sa kake ganin kan babur yana dukawa. Tayar gaba ita ke dannuwa a kwalta ita ke samun riƙo, ta baya kuma sauƙi take yi, da ka ƙara takawa kaɗan sai ta kulle ta fara ja. A yawancin babura kusan kashi 70 na tsayawa daga gaba yake fitowa. Inda nake tare da kai shi ne irin namu masu tsawo da ƙasa-ƙasa, Shadow, Virago, Vulcan, Intruder, nauyi yana zama a baya fiye da na masu gudun tsere, don haka na baya yana da amfani sosai a wurinmu musamman da goyo. Amma shi kaɗai ba zai tsayar da ƙarfen da ya kai kilo 250 ba. Boxer da ake acaɓa da ita kilo ɗari da 'yan kai ce, ka ga wannan ya ninka ta har da ƙari.

Baba Mai Virago: To ai na ga mutane da idona sun ja na gaba sun ci ƙasa, ba labari aka ba ni ba

Injiniya: Haka ne Baba, ni ma na gani. Amma ka lura da yadda suka ja. Cafka suke yi lokaci ɗaya saboda firgita, kafin nauyi ya sauka a tayar gaba sun riga sun kulle ta, ko kuma kan babur a karkace yake, ko akwai yashi. Yadda ake yi shi ne ka fara matsawa a hankali, ka ji gaban ya zauna, sannan ka ci gaba da ƙara ƙarfi kamar mai matse lemon tsami, duk wannan cikin daƙiƙa ɗaya ne ko ƙasa da haka. Hannu ne yake koya, ba karatu ba. Wanda bai taɓa gwadawa a fili ba ranar da akuya ta fito cafka zai yi.

Ɗan Maraɗi: Ni ina ganin kowa da gaskiyarsa. Mu nan cikin gari in ka sauka daga gudron, wato kwalta, ka shiga unguwa rairayi ne zalla, nan kam maganar Baba ce, in ka taɓa na gaba moto ta kwanta. Amma kan hanyar Maraɗi zuwa Zinder in ka dogara da na baya kaɗai ba za ka tsaya ba

Baba Mai Virago: Yauwa ɗan Maraɗi, a yashi dai ka yarda da ni

Ɗan Jos: Bari in dawo da mu kan man birki don ni abin ya taɓa faruwa da ni kuma ba na fatan ya faru da kowa. Vulcan 800 nake hawa. Wata rana ina gangarowa Hawan Kibo daga Jos zan tafi Akwanga, na ɗora hannu a birki tun daga sama ina ta dannawa kaɗan-kaɗan ban saki ba, tsakiyar gangara sai na ji liba ta tafi fanko har jikin hannu, babu komai, kamar an cire waya. Wallahi salati kawai nake, na dinga saukar da giya ɗaya bayan ɗaya ina taka na baya har Allah ya sa na samu gefe na tsaya. Da na taɓa kusa da kalifa zafi kamar murhu. Na zauna kamar minti ashirin sai birki ya dawo da kansa kamar ba shi ba. Daga baya aka yi min bayani man ne ya tafasa saboda ya tsufa ya sha ruwa. Tun daga ranar duk shekara nake zubarwa kafin damina, kuma duk gangara da giya nake sauka, in danna birki sosai in saki ya huce, ba na riƙe shi.

Injiniya: Wannan shi ne ainihin abin. Man birki mai lamba DOT 4 sabo daga gwangwani sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius yake tafasa, in ya sha ruwa yana saukowa wajen 155. DOT 3 kuma daga 205 yake komawa 140. Da ya tafasa sai ya zama tururi, shi kuma tururi matsuwa yake, ruwa ne ba ya matsuwa, shi ya sa liba ke tafiya fanko. Man yana jan danshi daga iska ne ko ba ka buɗe murfi ba, shi ya sa kamfanoni suke cewa duk shekara biyu a canza.

Mai Shadow: To in sayi DOT 5 kenan tunda lambarsa ta fi girma?

Oga Bakanike: A'a a'a malam tsaya! Kar ka kuskura. DOT 5 wani abu ne daban, na silikon ne, ba ya haɗuwa da 3 ko 4, in ka zuba a kan naka sai ya zama kamar kunu ya toshe maka komai. Tsofaffin Harley ne suka zo da shi, su ma daga baya suka koma DOT 4. Wanda yake haɗuwa da 4 shi ne DOT 5.1, ka ga lambar ta yi kama amma ba ɗaya ba ne. Kai dai karanta murfin masta ɗinka, an rubuta DOT 4 a kai, shi za ka sa, kuma ka sayi wanda bakinsa a rufe yake da hatimi, kar ka yarda a ɗebo maka daga wata tsohuwar gora da ta yi wata shida a buɗe a gareji. Kuma ka rufe tanki da tsumma lokacin aiki don man nan yana cin fenti.

Mai Intruder: Slm jama'a yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni abin da ya fi canza min birki shi ne tiyo. Na cire na roba na sa mai saƙar ƙarfe a jiki, irin na Goodridge ko HEL, wallahi ranar da na fita da shi sai da na ji kamar wani babur aka ba ni, da yatsa biyu nake ja yanzu

Injiniya: Tiyon ƙarfe yana da kyau amma a fahimci abin da yake yi. Ba ya ƙara wa birki ƙarfi daga sama, ƙarfin da kake asara ne yake dawo maka da shi, saboda tsohon tiyon roba in ka matsa kumbura yake kamar balan-balan maimakon ya tura fistin. Yamaha a littafinsu duk shekara huɗu suke cewa a canza na roba, to wane ne a cikinmu ya taɓa canzawa? Na Mai Shadow in na asali ne tun 2006 yake jiki. Ka kama tiyon da hannu ɗaya ka matsa liba da ɗayan, in ka ji yana numfashi a tafin hannunka to ya gama aiki.

Mai Shadow: Na gwada yanzun nan a tsakar gida, ina jin motsinsa sosai kusa da inda ya lanƙwasa, har da 'yan tsage-tsage a jiki

Oga Bakanike: To ka ajiye babur ɗin nan kar ka sake hawa titi da shi sai an gyara, da gaske nake. In ka kawo wa duk bakaniken da za ka kai wa, ga abin da za ka tsaya a kai ka gani da idonka. A sauke kalifa gaba ɗaya, ba wai a zare fad, wato takalmin da ke kama dis, a zura sabo a ce an gama ba. Taka mai fistin biyu ce kuma zamewa take a kan fin, wato 'yan sandunan ƙarfe, guda biyu, ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga su daskare a wurin, sai ka ga fad ɗaya ya cinye ɗaya yana nan sabo, wannan alama ce kalifa ta daina zamewa kuma rabin birki kake da shi. A wanke fistin, in sun yi tsatsa mai rami a canza, a sa sababbin sil, wato robobin da ke hana mai yoyo. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yaran gareji da suke wanke kayan birki da fetur ko kalanzir su shafa baƙin giris, robar birki ba ta shiri da man fetur ko kaɗan, kumbura take ta riƙe fistin. Da man birki ake wanke ciki, fin kuma giris na silikon ake sa masa. Sannan dis, a jikinsa an buga MIN TH da lamba, wato iyakar siririn da aka yarda ya kai, a auna, in ya wuce nan ko ya yi kwari-kwari ko ya murɗe har kana jin liba tana bugun hannunka to sai sabo. In an haɗa a cire iska a hankali har sai kumfa ta daina fitowa, ni har ɗaure liba nake da roba ta kwana a matse, da safe sai ka ji ta yi tauri.

Mai Intruder: Oga maganar fad fa? ni EBC mai lamba HH na sa

Oga Bakanike: Yana da kyau in ka samu na gaske. HH ɗin nan na garin ƙarfe da tagulla ne da aka gasa, yana kamawa da zafi da sanyi har cikin ruwan sama, sai dai ya fi cin dis a kan mai laushin da ba ƙarfe a ciki. A babur mai nauyi da dis ɗaya tal a gaba ni shi nake ba mutane shawara. Matsalar jabu ce. Na taɓa sayo wa wani kwastoma a wani shago, kwali mai kyau komai da komai, sati biyu abin ya ɓare daga jikin ƙarfensa, Allah ya sa a cikin layi ne yana tafiya a hankali, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. In kuɗin ya yi araha da yawa ka bar shi. Kuma sabon fad ba ya kamawa ranar farko, sai ka zaunar da shi, ka samu hanya mara cunkoso ka kai gudun kamar kilomita 50 ko 60 ka ja birki daidai ka sauko ƙasa ba tare da ka tsaya cak ba, ka sake, kamar sau goma sha, ka bar shi ya huce.

Ɗan Jos: A ƙara da oyel sil na shokoziban gaba, in yana yoyo man yana gangarowa kan dis ne kai tsaye, fad in ya sha mai ya mutu ko an goge da samfefa

Mai Shadow: Kai, ɗaya ƙafar tana ɗan jiƙewa kuwa, na ɗauka ba komai ba ne

Injiniya: Komai ne. Bayan lalata fad, shokoziban da mai ya ƙare a ciki nutsewa yake har ƙasa da ka taɓa birki, taya ta dinga tsalle a kan gargada maimakon ta manne. A canza sil a zuba sabon mai daidai awo. Sannan akwai abin da har yanzu ba wanda ya ambata kuma a wurina ya fi tiyo da fad muhimmanci, taya. Birki wili yake tsayarwa, taya ce take tsayar da babur. Mai Shadow duba gefen tayarka bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara.

Mai Shadow: Ta gaba 1413, ta baya 3719. Amma ta gaban zanenta yana nan da sauransa sosai

Injiniya: Sati na 14 na 2013 kenan, ta haura shekara goma. Zane ba shi ne magana ba, robar ta bushe ta zama kamar katako, ga zafin ranar Kano ya ƙara gasa ta. Michelin da kansu cewa suke in taya ta kai shekara goma a cire ko da kamar sabuwa take. Hatsarin ma shi ne in ka gyara birki ya dawo da ƙarfinsa ka bar wannan tayar, ranar da ka matsa da gaske kullewa za ta yi, sai maganar Baba ta tabbata a kanka. Taka 120/90-17 ce a gaba in ba a canza wili ba, ka nemi sabuwa mai sabon kwanan wata, Michelin Commander ko Metzeler ME888 ko Dunlop D404, kar ka sayi ta kwance. Iska kuma ka bi abin da ke rubuce a takardar jikin babur, ka auna da safe taya na sanyi, ba yadda mai faci ya buga da hannu ya ce ta yi ba.

Baba Mai Virago: Maganar taya na yarda ɗari bisa ɗari. Amma kun bar na bayan nawa ba wanda ya ce komai

Oga Bakanike: Ga shi nan zuwa Baba. Dram ɗin baya na Shadow ba sai an mai da shi dis ba, da shaf yake tafiya ba sarƙa ba, aikin ba zai yi kyau ba kuma ba buƙata. A buɗe a share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, kar a hura da baki ko da iska don ƙurar ba ta da kyau a huhu. A duba shu, wato takalmin birkin da ke cikin dram, tsofaffi gam ɗinsu yana sakewa lainin ya ɓalle ya cushe ya kulle tayar baya ana cikin gudu, don haka in ba ka san shekarunsu ba canza kawai. A sa ɗan giris kaɗan a kan sandar da ke buɗa su, a ɗaure notin baya har feda ta zama tana da wasa kamar milimita 20 zuwa 30 kafin ta kama. Akwai 'yar kibiya a jikin hannun birkin, in ka taka ta kai kan alamar to shu ya ƙare, ƙara ɗaure noti ba zai yi magani ba.

Ɗan Maraɗi: Tambaya, ABS fa, na'urar nan mai hana taya kullewa, ana iya sa wa tsohuwar moto?

Injiniya: A aikace a'a, sai da na'urar auna gudun kowace taya da famfonsa da kwamfutarsa da aka saita wa wannan babur ɗin, kuma ba ya aiki da dram mai sanda irin na Shadow. A Turai tun 2016 suka fara wajabta shi a sababbin babura da suka haura cc 125, Indiya ma ta bi a 2019, don haka tokumbo na bayan nan da yawa za ka samu da shi, wanda zai sayi wani nan gaba ya sa wannan a lissafi. Mu masu tsofaffi hannunmu ne ABS ɗin. Kuma a riƙe lissafin nan, in gudu ya ninka biyu nisan tsayawa ninki huɗu yake, wanda zai tsaya a mita 20 yana kan 60 to a 120 sai wajen mita 80, ban da tafiyar da ka yi kafin hannunka ya kai kan liba, a gudun 100 duk daƙiƙa ɗaya kusan mita 28 kake ci. Shi ya sa ni a cikin gari ko kusa da kasuwar ƙauye yatsuna biyu kullum suna kan liba.

Baba Mai Virago: To ai ka dawo kan maganata ta rage gudu

Injiniya: Na dawo Baba, wannan ba mu taɓa saɓani a kai ba

Mai Shadow: Slm 'yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana tara. An yi aikin a gabana. Fin ɗaya na kalifa a daskare yake sai da aka buga shi ya fita, fad na ciki ya kusa kai ƙarfe na waje kuma ko rabi bai ci ba, daidai yadda oga ya faɗa. Man da ya fito har da gudaji-gudaji. An sa tiyon ƙarfe, fad HH, sil na kalifa da na shokoziba, DOT 4 sabo, shu na baya, tayar gaba ma na samu ta bara. Dis an auna yana da saura. Liba yanzu tun kafin rabi take tsayawa da tauri. Na je wani fili mai kwalta da sassafe na yi ta gwadawa daga 30 zuwa 50, sau biyu na baya ya kulle min don ƙafata ta saba da takawa da ƙarfi, na gaba kuma har yanzu ina jin tsoron matse shi duka, hannuna yana sakewa da kansa. Allah ya saka wa kowa da alheri. Oga abu ɗaya ya rage, in na taka na baya a hankali yana ɗan ƙara ƙiii, matsala ce?

Oga Bakanike: Alhamdulillah. Sabon shu ne bai gama zama ba, ba shi kamar sati ɗaya, in bai daina ba a buɗe a ɗan goge cikin dram da bakin shu da samfefa. Ka dawo a sake duba notin feda bayan 'yan kwanaki don zai ɗan saki

Injiniya: Tsoron zai tafi da maimaici, ka dinga ƙara matsi kaɗan-kaɗan kana sa alama a ƙasa inda ka tsaya, idonka a gaba ba a kan taya ba. In ta gaba ta kulle ka saki nan take ka sake matsawa. Ranar Asabar bayan asuba in kana gari zan zo filin mu yi tare, ka zo da ƙanen naka ma mu gwada da goyo don tsayawar daban ce

Baba Mai Virago: Ku turo min kwatancen wurin ta waya, zan zo da Virago in ga wannan matse lemon tsamin da idona. Oga bakanike kai ma ka zo da gwangwanin DOT 4 ɗaya, nawa man ban san ranar da aka zuba shi ba